Daga Baƙin Salatif Zuwa M-LOK: Tarihin Dogon da Ke Jikin Bindigogin Zamani

Duk mai kallon labaran duniya a talabijin ko a waya ya san bindigogin sojojin yanzu sun sauya kama. Bindigar da muka saba gani a kafaɗar ɗan sanda a shingen bincike, wato AK-47, katako ne a gabanta, sumul. Ta yanzu kuwa gabanta duk tsage-tsage ne da ramuka, ga tocila a gefe, ga madubin hange a sama, ga mariƙi a ƙasa, kai ka ce teburin mai sayar da kayan waya ne.

Waɗannan tsage-tsagen ba ado ba ne. Injiniyoyi sun shafe shekaru fiye da hamsin suna jayayya a kansu, kuma tazarar da ke tsakanin tsaga da tsaga a rubuce take a takardar gwamnati, har zuwa ɗigon milimita. A yau za mu bi tarihinsu, mu ga yadda rundunonin soja suka yi ta zaɓe da canji a tsakanin tsare-tsare daban-daban, da abin da kimiyya ta ce game da kowane zaɓi.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kan kalmomi biyu. Ɓangaren da ke lulluɓe da bututun bindiga, inda mai harbi ke ɗora hannunsa na gaba, za mu kira shi makarin hannu, domin asalin aikinsa shi ne kare hannu daga zafin bututu. Shi kuma dogon ƙarfen nan mai tsage-tsage da ake maƙala kaya a kansa, Turawa suna kiransa da sunan da suke kiran layin jirgin ƙasa, saboda kayan suna zamewa a kansa kamar tarago. Mu ma sai mu kira shi dogo.

Daren da aka ɗaure na'urar saiti da salatif

A daren 21 ga Nuwamba 1970, sojojin Amurka na musamman su 56, ƙarƙashin Kanar Arthur Simons, suka dira da jirage masu saukar ungulu a wani sansani da ke Son Tay, kimanin kilomita 37 yamma da birnin Hanoi a Biyetnam ta Arewa. Sun je ne don kuɓutar da 'yan uwansu fursunonin yaƙi. Da suka shiga sai suka tarar wayam, an kwashe fursunonin zuwa wani wuri tun watanni kafin nan.

Abin da ya shafe mu a labarin ya faru ne tun lokacin atisaye a jihar Florida. Aikin na dare ne, kuma da aka gwada sojojin sai aka ga a cikin duhu yawancin harsasansu ba sa samun allon da ake auna. A wurin da ake sa ran fursunoni da masu gadinsu suna cakuɗe, kuskuren harbi yana nufin ka kashe wanda ka zo ceto. Sai masu shirya aikin suka samo wata ƙaramar na'ura ƙirar Ingila mai suna Singlepoint, wadda ake sayarwa a kasuwa. Idan ka leƙa cikinta da ido ɗaya, ɗigo kawai za ka gani mai haske a cikin baƙi. Ɗaya idon yana buɗe yana kallon abin da ke gabanka, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan biyu, ka ga ɗigon a kan abin da kake auna. Nan take harbinsu ya gyaru.

Matsalar ita ce yadda za a zaunar da na'urar a kan bindiga. Maɗaurin da ta zo da shi yakan yi sako-sako, don haka sojojin suka nemo baƙin salatif irin na masu gyaran wutar lantarki suka naɗe ta da shi. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata a shekarar 1969 ke nan, bayan shekara ɗaya tana ɗaure kayan yaƙinta da salatif.

Bayan shekara goma ma ba ta canja zani ba. A ranar 5 ga Mayu 1980, lokacin da sojojin Birtaniya na rundunar SAS suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan don ceto mutanen da aka yi garkuwa da su, hotunan ranar sun nuna manya-manyan tociloli ɗaure a saman ƙananan bindigoginsu na MP5. Kayan aiki suna ta fitowa, amma bindigar ba ta da wurin karɓarsu.

Me ya sa zaunar da kaya a kan bindiga ke da wuya?

Wani zai ce, to mene ne abin wahala a ɗaura tocila? Ga tocila, babu wahala sosai. Ga na'urar saiti kuwa, lissafin kusurwa ne ke shigowa.

Maharba suna auna karkacewa da wani ma'auni da ake kira MOA. Idan ka raba da'ira gida 360, kowane gida digiri ɗaya ne. Ka sake raba digiri ɗayan gida 60, to kowane ɗan gida shi ne MOA ɗaya. Ido ba ya ganin karkacewa irin wannan. Amma idan na'urar saiti ta goce da MOA ɗaya, a nisan mita 100 harsashi zai sauka kimanin santimita 2.9 daga inda aka nufa. A mita 300 ya kusa santimita 9. Idan gocewar ta kai MOA 10, a mita 300 ana maganar kusan santimita 90 ne, wato fiye da faɗin mutum.

Sannan ga dukan da bindiga ke yi baya duk lokacin da aka harba. Kowane harbi kamar a buga wa maɗaurin guduma ne. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne mazauni da zai riƙe kaya gam, ya jure dubban duka, kuma idan an cire kayan an mayar, su koma daidai inda suke.

Weaver da dogon farko

Mafarautan Amurka ne suka fara samun mafita. A shekarar 1930 wani mutum mai suna William Ralph Weaver ya kafa kamfanin ƙera madubin hange mai sauƙin kuɗi, wanda daga baya ya zauna a garin El Paso na jihar Texas. Kamfanin ya yi suna da wani ɗan guntun ƙarfe da ake ɗaurawa a saman bindiga, mai gefuna biyu a karkace da maɗauri zai cije, da tsaga a gicciye. Notin maɗaurin yana shiga cikin tsagar, sai ya hana madubin zamewa gaba ko baya idan an yi harbi.

Dabarar ta yi kyau, kuma har gobe ita ce tushen komai. Illarta ita ce ba a tsayar da tazarar da ke tsakanin tsagogin ba. Faɗin tsaga dai kusan milimita 4.57 ne, amma wannan kamfani ya yanka tasa a nan, wancan ya yanka a can. Idan maɗaurinka mai ƙafa biyu ne, ƙafa ɗaya za ta faɗa tsaga, ɗayar ta tsaya a kan tudu. Duk wanda ya yi zamani da cajar Nokia mai babban baki da mai ƙaramin baki ya san irin wannan takaici. Ga mafarauci ɗaya mai bindiga ɗaya, da sauƙi. Ga rundunar da ke da bindigogi dubu ɗaruruwa, da kayan da ake sayowa daga kamfanoni barkatai, abin ya zama ciwon kai.

Wannan ciwon kai kuwa tsoho ne a sana'ar ƙera makamai. A da, kowace bindiga maƙerinta ne ke goge sassanta da magagari har su zauna da juna, kamar yadda maƙeranmu ke yi wa bindigar toka, ta yadda kunamar wannan ba za ta shiga waccan ba. A shekarar 1785 wani maƙerin Faransa mai suna Honoré Blanc ya nuna wa Thomas Jefferson, wanda a lokacin jakadan Amurka ne a Faransa, sassan makunnin bindiga guda 50 a wargaje. Jefferson ya riƙa ɗaukar sassa yadda hannunsa ya kai yana haɗawa, suna zama daidai. Daga irin wannan tunani ne aka samu masana'antun da ke ƙera kayan gyara masu shiga kowace na'ura irin tasu. Dogon bindiga ya jira shekara 210 kafin wannan tunani ya iso kansa.

Takarda mai lamba 1913

A shekarun 1980 kayan da soja ke so ya ɗora sun ƙaru. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da na'urar saiti mai jan ɗigo mai aiki da batir tun 1975. Kamfanin Trijicon ya fito da madubinsa na ACOG a 1987. Ga na'urorin gani cikin dare, ga hasken leza. Ita kuwa bindigar sojan Amurka, M16, mariƙin ɗauka ne kafe a samanta, duk abin da aka ɗora a kansa sai ya yi tsayi da yawa, mai harbi ya riƙa ɗaga wuya kamar zakara.

Kamfanoni irin su A.R.M.S. na Richard Swan sun yi ta aikin gyara dogon Weaver don ya dace da aikin soja. A ƙarshe aka miƙa aikin tsayar da ma'auni ga wata cibiyar binciken makamai ta sojan Amurka da ke jihar New Jersey, mai suna Picatinny Arsenal, wadda ta samo asali a 1880 a matsayin rumbun ajiyar albarushi. A ranar 3 ga Fabrairu 1995 aka fitar da takardar ƙa'ida mai lamba MIL-STD-1913. Lambar 1913 ɗin lambar takarda ce kawai, ba shekara ba ce, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka haka.

Abin da takardar ta ƙunsa 'yan lambobi ne. Faɗin dogo milimita 21.2. Faɗin kowace tsaga milimita 5.23. Zurfinta milimita 3. Daga tsakiyar tsaga zuwa tsakiyar ta gaba kusan milimita 10 cif. Shi ke nan. Babu wata sabuwar fasaha a ciki, domin siffar dai ta Weaver ce. Sabon abu shi ne an rubuta, an wallafa, kuma babban mai saye a kasuwar ya ce duk mai son ya sayar masa da kaya sai ya bi. Tun daga ranar, ƙaramin kamfani a ko'ina a duniya zai iya ƙera maɗaurin tocila ba tare da ya taɓa riƙe bindigar da za a ɗora ta a kai ba, kuma ya tabbata zai zauna. Wannan shi ne dogon Picatinny.

Akwai wani ɗan bambanci da ya rage har yau: tun da tsagar Picatinny ta fi ta Weaver faɗi, yawancin kayan Weaver suna hawa dogon Picatinny, amma kayan Picatinny ba safai suke hawa na Weaver ba.

Zamanin dogo huɗu

Da farko a saman bindiga kawai dogon yake. Gajeriyar bindigar M4, wadda sojan Amurka ya karɓa a 1994, ta zo da mariƙin ɗauka da ake iya cirewa, a ƙarƙashinsa akwai dogo. Amma tocila da leza da mariƙi a gaba ake son su, kusa da bakin bindiga. A nan ne makarin hannu ya samu sabon aiki.

Kamfanin Knight's Armament da ke Florida ya ƙera wa rundunonin musamman makarin hannu na alminiyam mai dogo a fuskoki huɗu: sama, ƙasa, dama da hagu. Ba da daɗewa ba sauran sojoji ma suka samu irinsa. Yaƙe-yaƙen Afganistan daga 2001 da Iraƙi daga 2003 su suka sa duniya ta saba da wannan siffa, domin yawancin samamen ana yin su ne da dare ko a cikin ɗakuna.

Sai kuma sojojin da ke ɗauke da shi suka fara ƙorafi, kuma ƙorafe-ƙorafen nasu duk suna da bayani a kimiyyance.

Na farko nauyi. Soja zai yi amfani da tsaga biyar ko shida, amma yana ɗauke da tsaga gommai. Kuma nauyin a gaba yake. Ɗauki bokitin ruwa ka rungume shi a ƙirji, sannan ka miƙe hannu ka riƙe shi nesa da jiki. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka za ta gaya maka bambanci. Ƙarfin da nauyi ke yi wajen rinjayar abu ƙasa yana ƙaruwa ne gwargwadon nisansa daga inda aka tallafe shi. Giram 200 a kusa da bakin bindiga ya fi gajiyar da hannu a kan giram 200 a kusa da kafaɗa.

Na biyu kaushi da kauri. Gefunan tsagogin suna cin tafin hannu kamar abin goga kuɓewa, suna kuma kama tufafi. Sai aka ƙera marufan roba da ake rufe dogon da ba a amfani da shi. Wato an ƙara nauyi don a sa dogo, an sake ƙara nauyi don a rufe shi, ga makarin ya yi kaurin da hannu ba ya zagaye shi da kyau.

Na uku zafi. Alminiyam, wato sanholon da ake mana tukwane da shi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa aka zaɓe shi. Amma yana ɗaukar zafi ya isar da shi kusan sau dubu fiye da katako. Mai tuya ta san dalilin da ya sa ake wa ludayin ƙarfe mariƙin katako. Katakon gaban AK da robar gaban tsohuwar M16 suna tare zafi na ɗan lokaci. Shi alminiyam yana saurin kai zafin hannu, sai dai kuma yana saurin hucewa idan iska na ratsa shi.

Bututun da ba a taɓawa

A cikin wannan zamani ne wata dabara ta maharban gasa ta shigo aikin soja. Idan aka harba bindiga, bututun yana kaɗawa kamar tsirkiyar garaya, ko da yake ido ba ya gani. Muddin yana kaɗawa iri ɗaya a kowane harbi, harsasai za su riƙa sauka wuri ɗaya. To amma tsohon makarin hannu a jikin bututun yake jingine ta gaba. Idan soja ya ɗora shi a kan katanga ya danna, ko ya ja igiyar rataya da ƙarfi, matsin yana isa ga bututun ya ɗan lanƙwasa shi, harsashi ya sauya wurin sauka.

Maganin shi ne a ɗaure makarin ta gindi kawai, a jikin gangar bindigar, ya lulluɓe bututun ba tare da ya taɓa shi ba. Bututun yana shawagi a ciki ke nan. Rundunonin musamman na Amurka sun karɓi irin wannan daga kamfanin Daniel Defense, mai suna RIS II. Sai dai komai da farashinsa: irin wannan makari ya fi tsada, ɗaura shi sai ma'aikacin rumbun makamai da kayan aikinsa, kuma duk ƙarfinsa ya dogara ne ga wuri ɗaya da aka ɗaure shi.

A shekarar 2009 ƙungiyar tsaro ta NATO ta amince da nata ma'aunin, STANAG 4694. Ba ta rushe na Picatinny ba. Ta rubuta shi ne da milimita maimakon inci, ta matse iyakar kuskuren da aka yarda wa maƙeri, sannan ta ba da shawarar maɗauri ya riƙa zama a kan shimfiɗaɗɗen saman dogon, don kaya su fi komawa daidai idan an cire an mayar. Tsofaffin kaya suna hawa sabon dogon lafiya lau.

A daina ƙara tudu, a huda rami

Tambayar da ta kawo sauyi na gaba mai sauƙi ce: me zai hana a bar makarin sumul, a huda masa ramuka, duk inda ake son kaya sai a ɗaura su kai tsaye a ramin? Rami rage nauyi yake yi, kuma yana ba iska hanya.

Tsari biyu ne suka fito da wannan amsa, suka kuma yi karo. Na farko shi ne KeyMod, wanda Eric Kincel na kamfanin VLTOR ya tsara, aka fitar da shi tare da kamfanin Noveske a 2012. Raminsa kamar kafar makulli yake, da faɗi a baya da siriri a gaba. Ana zura kan notin ta wurin faɗin, a tura gaba, a ɗaure. Masu shi suka saki zanen kyauta ga duniya, kowa ya ƙera ba tare da neman izini ba.

Na biyu shi ne M-LOK, daga kamfanin Magpul, a 2014. Wannan kamfani wani tsohon sojan Amurka mai suna Richard Fitzpatrick ne ya kafa shi a 1999, kuma kayansa na farko wata 'yar roba ce da ake sa wa gidan harsashi don a ji daɗin zaro shi daga aljihu, abin da sojoji a da suke yi da igiya da salatif. Ramin M-LOK dogo ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa milimita 32, faɗinsa 7, tsakaninsa da na gaba 8. Notinsa yana da kai mai fuka-fuki biyu. Ana zura shi a tsaye, idan aka fara ɗaurewa sai ya juya ya gicciye, fuka-fukan su kama bangon makarin ta ciki. Magpul ya fi ƙwarewa a kayan roba, kuma ya ce notin KeyMod mai tsini bai dace da roba ba, shi ya sa ya nemi tsarin da zai baza matsi a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Shi ma M-LOK kyauta ne, amma da sharaɗi. Kamfanin da ke son ƙera shi sai ya nemi lasisi, ya kuma yarda zai bi ma'aunin yadda yake. A lokacin wasu sun ga wannan a matsayin son mallaka. Na wasu shekaru kasuwa ta rabu biyu, kamfanoni suna ƙera kowane makari kala biyu, masu saye suna ta musu.

Hukuncin ɗakin gwaji

A 2016 rundunar ayyuka na musamman ta Amurka ta ba cibiyar binciken sojan ruwa da ke Crane, a jihar Indiana, aikin gwada tsarin biyu. Sakamakon ya fito fili a 2017. Masu binciken sun yi abin da ya kamata duk mai gwaji ya yi: sun samo makarai daga kamfanonin da ke ƙera kala biyun, don kada bambancin maƙeri ya shiga cikin lissafi.

A gwajin jure harbi mai yawa da na wurgi da jijjiga, duka biyun sun tsallake. A sauran gwaje-gwajen ne aka rabu. Da aka riƙa cire kaya ana mayarwa ana auna gocewar saiti, matsakaicin gocewar KeyMod ya kai MOA 4.9, na M-LOK kuwa 1.3. Idan muka mayar da shi lissafinmu na ɗazu, a mita 100 wannan kimanin santimita 14 ne a gefe guda, da ƙasa da santimita 4 a ɗaya gefen. Da aka riƙa sakin bindiga tana faɗuwa ƙasa, kayan da ke kan M-LOK duk sun zauna, na kan KeyMod kuwa kashi 33 cikin 100 ne kawai suka zauna. Da aka ja kayan da inji har sai wani abu ya karye, M-LOK ya jure nauyin da ya kai kusan ninki uku.

Dalilin yana cikin siffar ramin. Ramin KeyMod yana da ƙofar fita a bayansa, wato wurin faɗin nan da noti ya shiga. Idan duka ya tura kayan baya, ko bakin ramin ya tsage, sai su fice. Shi notin M-LOK a gicciye yake, ko ya zame gaba ko baya yana nan cikin rami. KeyMod yana da nasa alherin, domin ya fi sauƙin ɗaurawa kuma yana daidaita kansa, amma bayan wannan rahoto kasuwa ta juya masa baya. Rundunonin musamman na sojan ƙasa suka karɓi makarin M-LOK na kamfanin Geissele, kuma sabuwar bindigar da sojan Amurka ya zaɓa daga kamfanin SIG Sauer a watan Afrilu 2022 da ramukan M-LOK ta zo.

Duk da haka Picatinny bai mutu ba. Dubi kowace sabuwar bindiga, za ka ga saman nata dogon Picatinny ne, gefuna da ƙasa ne ramuka. An raba aiki ke nan: na'urar saiti, wadda ba ta son gocewa kuma ake yawan cirewa, tana kan dogo. Tocila da mariƙi suna kan rami. Rundunar da za ta zaɓi makarin hannu a yau tambayoyi huɗu take yi wa kanta: nawa ne nauyinsa kuma a ina nauyin yake, yaya yake da zafi, shin saiti zai zauna bayan an sha wuya, sannan kayan da ke cike da rumbunmu za su hau shi? Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi yawan yanke hukunci, kuma ita ce ke raya Picatinny shekara talatin bayan haihuwarsa.

Ɓangaren Rasha

Tarayyar Sobiyet ta bi wata hanya daban, kuma ƙirar bindigarta ce ta tilasta mata. Murfin saman AK siririn ƙarfe ne da ake cirewa duk lokacin da za a goge bindiga, kuma yana ɗan motsi. Madubin da aka ɗora a kansa ba zai riƙe saiti ba. Sai injiniyoyinsu suka kafa mazaunin a gefen hagu na gangar bindigar, madubin ya hau daga gefe ya leƙo sama. Haka bindigar maharba ta Dragunov, wadda aka karɓa a 1963, take ɗaukar madubinta, kuma daga 1991 bindigar AK-74M ta riƙa fitowa da wannan mazauni a jikinta.

Amma da sojan Rasha ya karɓi AK-12 a 2018, sai ga ta da murfin sama da aka sake wa ƙira don ya zauna daram, da dogon Picatinny a kansa. Sabuwar bindigar sojan Sin da aka nuna a faretin 2019 ita ma haka. Ƙasashen da ke hamayya da Amurka a kusan komai, harsashinsu daban, bindigarsu daban, sun ɗauki ma'aunin da aka rubuta a New Jersey, saboda masu ƙera madubi da tocila na duniya duk a kansa suke aiki.

Abin da ya rage mana

A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta wa farar hula mallakar irin waɗannan bindigogi na soja, kuma mutanen Arewa sun san abin da yaɗuwarsu ta jawo wa ƙauyuka da hanyoyi fiye da yadda wani rubutu zai faɗa. Zaɓen makarin hannu aikin rundunoni ne da injiniyoyinsu. Abin da ya shafi sauranmu a labarin shi ne yadda aka kai ga zaɓin.

Weaver ya kawo siffa mai kyau, ta yi shekaru tana wahalar da mutane saboda ba a tsayar da tazara ba. Picatinny bai ƙirƙiro komai ba, ya rubuta lambobi huɗu ne kowa ya bi. KeyMod ya saki zanensa ba mai tsaro, M-LOK ya saki nasa da sharaɗin a bi ma'auni, sannan aka kai su ɗakin gwaji aka auna maimakon a ci gaba da musu. Irin wannan ne ya faru da cajar waya, inda Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C ga sababbin wayoyi daga ƙarshen Disamba 2024, ga shi yanzu caja ɗaya tana yi wa gida guda aiki.

Mu kuma har yau mudun wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba, bulon wannan maƙera ya fi na waccan kauri, kuma injin casar da maƙerin unguwa ya haɗa, idan wani sashe ya lalace, sai an koma wurinsa shi kaɗai, in ya rasu kuwa injin ya zama kwangaɓa. Basirar ƙira muna da ita, duk wanda ya shiga layin maƙera a Kano ko Zariya ya gani da idonsa. Abin da maƙeran New Jersey suka fi mu da shi a 1995 takarda ce mai 'yan shafuka, da yarjejeniyar cewa milimita 10 a wurin kowa milimita 10 ce.